Wa Ake Yi wa Kiɗan? Sharhi kan Wasan Manyan Mawaƙa a Tallar Kamfanoni

Wasan babban mawaƙi hanya ce ta talla da kamfani ke bi ya ɗauko mawaƙin da sunansa kaɗai ya isa tara jama'a, ya biya shi, ya kafa masa dandamali, ya baza tambarinsa ko'ina a cikin filin. A Nijeriya kamfanonin waya da na lemo da na kayan abinci ne suka fi yin haka. A ƙasashen waje har kamfanonin jiragen ruwa na yawon shaƙatawa sun bi sahu, suna kai mawaƙa cikin jirgi su yi wa fasinjoji wasa. Duk inda aka yi shi tambayoyi biyu ne ke tasowa. Ta farko, waɗanda suka cika filin su ne masu sayen hajar? Ta biyu, waɗanda suka riga suka zama abokan ciniki, kiɗan ya yi musu ko ya takura su? A Maiduguri, musamman a tsohuwar unguwar fatake irin Hausari, amsar tana rataye da irin hajar, da wanda ke riƙe da kuɗin cefane a gida, da kuma halin rashin tsaro da garin ya shiga tun daga 2009.

Masu sauraro kashi biyu

Kowane wasa irin wannan yana da masu sauraro kashi biyu, kuma buƙatarsu ba ɗaya ba ce. Kashin farko su ne na hannu, waɗanda suka riga suka biya: fasinjan da ya yanki tikiti, mai layin wayar da ya shekara biyar yana sa kati, baƙon da ya kama ɗaki a otal. Abin da suke nema shi ne a kyautata musu a kan abin da suka ba da kuɗinsu dominsa. Kashi na biyu su ne na nesa, waɗanda ake zawarci. Su ne za su ga hoton taron a waya ko su ji labarinsa a majalisa, ana sa ran wata rana su tuna da sunan kamfanin. Masu kula da talla a kamfani sun fi damuwa da kashi na biyu, domin da yawan sababbin kwastomomi ake auna aikinsu. Mai zama a kan kanta kuwa, ko mai yankan tikiti a tasha, na hannu yake gani kullum, shi ne kuma ke shan ƙorafinsu.

Wasa yana dacewa idan waɗannan kashi biyu suka zama kusan mutane iri ɗaya a shekaru da ɗabi'a da ƙarfin aljihu. Idan suka yi hannun riga, sai kamfani ya kashe kuɗin na hannu wajen burge na nesa, ya tashi da taron tsintsiya ba shara.

Yadda ake yi a kan teku

Jirgin shaƙatawa otal ne mai tafiya a kan ruwa. Fasinja yakan biya kuɗin kwana uku ko bakwai ko fiye, a ciki har da ɗaki da abinci da wasannin dare. Wani mai suna Icon of the Seas, wanda ya fara aiki daga Mayami a Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja sama da 7,000. Tun da mutum ba shi da inda zai je da dare sai cikin jirgin, nishaɗi yana cikin abin da ya saya, shi ya sa a nan aka fi gwada dabarun haɗa waƙa da talla. Uku ne suka fito fili.

Ta farko ita ce kawo mawaƙi cikin tafiyar yau da kullum. Kamfanin Carnival na Amurka ya soma haka a 2014 da shirin da ya kira Carnival Live, shekara guda bayan wuta ta tashi a ɗakin injin jirginsa Triumph, fasinjoji suka yi kwanaki a tsakiyar ruwa ba lantarki, labarin ya zagaya duniya. A lokacin mawaƙin yakan hau jirgin idan ya tsaya a Kozumel ta Mekziko ko Nasso ta Bahamas ko tsibirin Katalina, ya yi wasansa ya sauka. A 2014 tikitin shiga daga dala 20 zuwa 40 ne, ban da kuɗin tafiya. Abin lura shi ne irin mawaƙan da aka zaɓa. Da yawansu tsofaffin hannu ne, irin ƙungiyoyin Chicago da Styx da Foreigner da mawaƙiya Olivia Newton-John, waɗanda tashensu ya zo daidai da ƙuruciyar magidantan da ke biyan kuɗin tafiya. Duk da haka dabarar tana da cikas. Zauren wasan jirgi ba ya ɗaukar dukan fasinjoji a zama ɗaya, don haka wani zai so shiga ya tarar tikiti ya ƙare, wani kuma ya ji haushin a ce ya ƙara kuɗi a kan nishaɗin da ya ɗauka ya riga ya biya.

Dabara ta biyu ita ce a ba masoyan mawaƙi jirgin kacokan. Kamfanin Sixthman na birnin Atlanta, wanda ya fara a 2001, kamfanin jiragen Norwegian kuma ya saye shi a 2012, wannan ce sana'arsa. Ƙungiyar Kiss ta fara irin wannan tafiya da masoyanta a 2011, ta yi shekaru tana maimaitawa. A nan babu wanda kiɗa zai dama, domin duk wanda ya hau saboda kiɗan ya hau.

Ta uku ita ce bikin raɗa wa sabon jirgi suna. Norwegian ya gayyaci Pitbull a 2015, ya gayyaci Katy Perry a Agustan 2022, Lionel Messi kuma shi ya raɗa wa Icon of the Seas suna. Wannan talla ce zalla domin na nesa: 'yan jarida da dillalan tikiti ne ke cika wurin, fasinjan da ya hau bayan wata guda ba zai ga ko ƙeyar tauraron ba.

Akwai kuma masu tallata kansu da abin da suka hana. Kamfanin Viking yana shelar cewa jiragensa babu gidan caca, babu yara. Aroya na Saudiyya, wanda ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024, ya gina tallarsa a kan abinci halal da wurin salla da yanayin da iyali za su sake. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Mawaƙi da ubangida

Nijeriya ba ta da kamfanin jirgin shaƙatawa irin waɗannan. Jiragen Tafkin Chadi kifi da fatake suke ɗauka, jirgin tekun da kakannin mutanen Hausari suka sani kuwa shi ne na alhazai, wanda ake hawa a gaɓar Sudan bayan an keta Chadi ta ƙasa. Amma ɗaukar nauyin mawaƙi don a ɗaukaka suna tsohon abu ne a ƙasar Hausa, ya girmi kowane kamfani. A zamaninsa, Sarkin Gobir na Isa ne ubangidan Narambaɗa. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya wasa sarakuna da attajirai da direbobi, sunayen wasunsu da waƙarsa kawai ake tuna su yau. Ubangida yana ba da doki ko mota ko kujerar Makka, mawaƙi yana biya da suna, sanƙira yana ƙara wa miya gishiri.

Kamfanin da ya ɗauki mawaƙi ya shiga wannan layi ne na iyayen gida, da bambanci guda: shi yana son sunan ya koma ciniki. A kudu kamfanonin giya ne suka daɗe suna ɗaukar nauyin manyan wasanni. Star Mega Jam na Nigerian Breweries shi ya kawo 50 Cent a Disambar 2004, tafiyar da ta watse bayan rigimarsa da Eedris Abdulkareem a kan kujerar jirgin sama. Wannan ƙofa a rufe take a yawancin jihohi 12 na arewa da suka ƙaddamar da shari'a bayan Zamfara ta buɗe fage a 1999, Borno kuma tana cikinsu. Saboda haka kamfanonin waya ne suka gaji fagen. MTN da Econet sun fara aiki a 2001, Glo a 2003, Etisalat a 2008, gasa ta yi zafi, kowa ya shiga neman fuskar da arewa ta sani. Glo ya naɗa Sani Danja da Ali Nuhu jakadunsa, MTN ya yi aiki da Hadiza Gabon. Glo ya riƙa zagaya birane da wasannin Slide 'n' Bounce da Laffta Fest, Etisalat kuma ya bi jami'o'i da Cliqfest.

Wani abu da al'adar ubangida ta bari shi ne yadda kuɗi ke shiga hannun mawaƙi. A biki liƙi ake yi, mai liƙi kuma yana sayen ambaton sunansa ne a gaban jama'a. Yankan tikiti a zauna a kujera a saurara baƙon abu ne, in ban da wasannin Sallah. Wannan yana nufin a taron da kamfani ya biya, wani attajiri zai iya miƙewa da bandir ɗin sababbin kuɗi ya karɓe daren, a tashi ana zancensa an manta da mai tambari. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta liƙin naira, hukumar EFCC kuma ta gurfanar da fitattun mutane a kan haka tun daga 2024, saboda haka bidiyon liƙi a ƙarƙashin tambarin kamfani yana iya zama abin kai ƙara.

Hausari da masu sayayyarta

Hausari tana cikin tsofaffin unguwannin Maiduguri, garin da aka kafa a 1907. Sunan ginin Barebari ne, kamar Shehuri, ma'anarsa mazaunin Hausawa. A rabon mazaɓu ana haɗa ta da Zango, abin da ke nuna asalinta na masaukin fatake da matafiya. Rayuwarta tana jingine da shagunan Babban Layi da Kasuwar Monday. Hausa ce harshen ciniki a nan tsakanin Babarbare da Bashuwa da Babur da Margi da Bafillace, don haka mawaƙin Hausa daga Kano ko Kaduna ba ya buƙatar tafinta a Maiduguri. Ali Nuhu kansa a garin aka haife shi a 1974.

Sai dai sanin mawaƙi daban, zuwa wasansa daban. Masu sayayya a unguwa irin wannan sun kasu gida uku. Akwai magidanta da 'yan kasuwa, waɗanda ke sayen buhu da kwali, su ke zaɓar bankin da za a ajiye kuɗi da motar da za a ɗora kaya. Dattijon da ya rufe shago da magariba ba zai je ya tsaya cikin samari yana kallon rawa ba, ko da waƙar tana cikin wayarsa, domin girma ya hana. Akwai matan aure, waɗanda su ke faɗin irin sabulu da magi da taliya da madarar da za a sayo, ko da yaro za a aika. Su ne manyan masu sauraron waƙoƙin soyayya, amma a ɗaki da wurin biki suke saurare. Sai matasa: ɗaliban Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Ramat, da 'yan Keke Napep, da yaran shago, da masu gyaran waya da tura waƙoƙi a wajen Fost Ofis. Su ne ke cika fili, su ne kuma aljihunsu ya fi ƙanƙanta.

Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta nuna wannan rabo a 2020. Ta yi tashe ne lokacin kullen korona, babu dandamali ko ɗaya a buɗe, kuma matan aure ne suka ɗaga ta da bidiyon rawar da suka riƙa ɗauka a ɗakunansu. Waya ce ta kai ta inda lasifikar fili ba ta isa. Ga mai sayar da kayan miya, wannan ya nuna cewa muryar mawaƙi tana iya yi masa aiki ba tare da ya tara kowa a fili ba.

Maiduguri tana da nata kiɗan kuma. A daren wushe-wushe na bikin Barebari ganga kura da algaita ke tashi, manya da yara, maza da mata, kowa yana da wurin zamansa. Kamfanin da ya kawo baƙon mawaƙi ya bar makaɗan gari a waje ya rasa hanya mafi sauƙi ta jawo dattawa kusa da taronsa.

Hajar da wasa ke ɗagawa

Haja mai araha, wadda ake saye yau a sake saye gobe, kuma matashi ke yanke shawarar sayenta da kansa, ita ce wasa ya fi yi wa amfani. Katin waya da data da lemo da taliyar 'yan yara da ƙananan wayoyi duk suna cikin wannan aji. A wurin taron ma ana iya cinikin: a kafa rumfa a yi rajistar layi, a raba lemo a ɗanɗana, a ce sai mai sabon layi zai shiga. Ga kamfanin waya alaƙar ta fi haka ƙarfi, domin waƙa tana cikin abin da yake sayarwa. Da datarsa ake sauke ta, da datarsa ake kallon bidiyonta, shi ne kuma ke sayar da waƙar da mai kira ke ji kafin a ɗaga. Wannan ya yi kama da jirgin da aka ba masoyan mawaƙi kacokan: mai kallo da mai saye mutum ɗaya ne.

Hajar da ake saye da amana kuwa lamarinta daban ne. Banki, da kamfanin sufuri, da makaranta, da asibiti, da kamfanin jigilar alhazai, duk ana zaɓarsu ne bayan an tambayi wanda ya gwada. Ɗan kasuwar da gobarar Kasuwar Monday ta 26 ga Fabrairun 2023 ta cinye wa shago, ko ambaliyar madatsar Alau ta 10 ga Satumbar 2024 ta shafe wa kaya, abin da yake tambaya game da banki shi ne ko zai fitar da kuɗinsa ranar da yake buƙata, ko za a ɗaga masa ƙafa a kan bashi. Idan ya ga bankin ya zuba miliyoyi a wasa alhali na'urar cirar kuɗi ba ta aiki, wasan ya zama hujja a kan bankin. Kamfanonin jigilar alhazai da 'yan umara sun san wannan, shi ya sa ta bakin malamai da tsofaffin alhazai da rediyo tallarsu ke bi.

Ko kamfanin waya ma yana da iyaka. Mutanen Maiduguri sun ga makonnin da aka katse layukan waya gaba ɗaya bayan dokar ta-ɓaci ta Mayun 2013. A garin da ya ɗanɗana haka, layin da ke kamawa a hanyar Damboa ko Monguno ya fi wanda ke da mawaƙi daraja.

Fasinja ba ya iya fita

Mafi kusa da fasinjan jirgin shaƙatawa a wannan yanki shi ne fasinjan doguwar tafiya a mota. Daga Maiduguri zuwa Kano kusan kilomita 600 ne, ta Damaturu da Potiskum da Azare, yini guda a kujera ɗaya. A bas ɗin Borno Express ko motar tasha za a tarar da Alhaji mai zuwa saro kaya kasuwar Kwari, da ɗalibar jami'a, da tsohuwa riƙe da jikanta, da malamin tsangaya, da soja mai tafiya hutu. Direba ya sa waƙar zamani, kafin a kai Beneshek sai a ji murya daga baya: "Malam direba, don Allah a rage mana, ko a sa mana karatu." Ya sa wa'azi, samarin da ke kujerar ƙarshe su toshe kunne da abin sauraro. Direbobi da yawa sukan ƙare a kan tsofaffin waƙoƙi irin na Shata ko Ɗan Maraya Jos, waɗanda Baba ba ya jin kunyarsu, yaro kuma ba ya ƙin su, ko su kashe gaba ɗaya.

Wannan ƙaramin rikici yana nuna wata ƙa'ida: gwargwadon wuyar fita daga wuri, gwargwadon takatsantsan da ake buƙata wajen zaɓar kiɗa. Wanda ya je filin wasa da ƙafarsa ya je, in bai ji daɗi ba ya tafi. Fasinja, da baƙon otal ɗin da aka kafa dandamali a ƙarƙashin tagarsa, da maƙwabcin gidan biki, ba su zaɓa ba. Otal ɗin da baƙinsa ma'aikatan ƙungiyoyin agaji ne da 'yan kwangila masu tashi da asuba zai iya samun cinikin dare ɗaya daga wasan Sallah ya rasa hayar wata shida. Kamfanin sufuri kuma fasinjansa yana auna shi da lafiyar taya da lokacin tashi. A wannan hanya lokacin tashi maganar rai ce, tun da a Fabrairun 2020 an kashe matafiya aƙalla 30 a Auno bayan dare ya yi musu a bakin shingen shiga gari da aka rufe.

Suna da mutunci

Kamfanin da ya ɗauki mawaƙi ya ɗauke shi da jiya da gobensa. A arewa abubuwa uku ne ke saurin juyawa. Na farko tarbiyya. A Oktoban 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga Kannywood saboda bidiyon waƙar da ta fito a ciki da mawaƙi ClassiQ. A shekarar ne kuma gwamnatin tarayya ta janye shirin gina ƙauyen fim a Kofa ta jihar Kano bayan malamai sun yi ca a kansa. Kano tana da hukumar tace fina-finai tun 2001, hukuncinta kuma yana shafar sunan mawaƙi har a jihohin da ikonta bai kai ba. Huɗuba ɗaya ta Juma'a tana iya warware abin da aka yi wata uku ana tallatawa.

Na biyu siyasa. Dauda Kahutu Rarara yana tara jama'a fiye da yawancin mawaƙa, amma sunansa a haɗe yake da jam'iyyar APC, kamfani kuwa ga kowa yake sayarwa. Na uku bambancin fahimtar addini. Sha'irai masu bege suna cika fili a lokacin Maulidi, sai dai kamfanin da ya tsaya a bayansu ya san akwai kwastomomin da ba sa tare da hakan, kamar yadda akwai waɗanda ba sa tare da kiɗa kowane iri. Mawaƙin soyayya, da na hip-hop, da na siyasa, da na bege, da na gargajiya, kowanne yana buɗe wata ƙofa yana rufe wata.

Lissafin kuɗi da tsaro

Kuɗin mawaƙi kashi ɗaya ne kawai na abin da ake kashewa. Akwai tikitin jirgin sama nasa da yaransa, da masauki, da hayar fili da kayan sauti, da janareto da man dizal, da jami'an tsaro, da sanarwa a rediyo. A Maiduguri biyu daga cikinsu sun fi nauyi. Wuta ba abin dogaro ba ce: a Janairun 2021 an lalata turakun da ke kawo ta daga Damaturu, gari ya yi wata da watanni a duhu. Tsaro kuwa shi ne sharaɗin farko. Garin da ya yi shekaru a ƙarƙashin dokar hana fita, aka hana hawa babur tun Yulin 2011, aka kai hare-hare a kasuwanni da tashoshi da masallatai, ba a tara dubban mutane a cikinsa sai da amincewar hukuma da bincike a ƙofa, kuma akan so a tashi da wuri. Zaman lafiyar da aka samu ya sa matasa suna ɗokin taro, wanda hakan riba ce ga mai shiryawa, amma tsautsayi ɗaya, ko da turmutsitsi ne a bakin ƙofa, zai manne wa tambarin shekaru.

Ana iya gane nauyin abin da misalin lissafi kawai. A ce wasa ya ci naira miliyan 20, kuma ribar da kamfani ke samu a kan kwastoma ɗaya naira 200 ce a wata. In sabon kwastoma zai zauna wata 10, ribarsa naira 2,000 ce, sai an samu sababbi 10,000 kafin a mai da uwar kuɗi. Fili yana iya ɗaukar wannan adadi, amma da yawa daga masu zuwa sun riga suna da layin, wasu kuma za su karɓa don shiga su jefar da shi washegari. Shi ya sa yawan kawunan da ke cikin hoto ba ya nuna komai. Abin da ake dubawa shi ne layuka nawa ne ke aiki bayan wata uku, ko kwali nawa dillalan Babban Layi suka ƙara ɗauka bayan an kwashe kujeru.

Sauran hanyoyi da sharuɗɗan dacewa

Kamfanin da ke neman magidanta da matan aure yana da hanyoyin da suka fi fili kai wa gare su. Ɗaukar nauyin tafsirin azumi a BRTV ko wata tashar rediyo yana shiga kowane shago da kowane tsakar gida. Gasar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta fara a 1986, tana da daraja ta musamman a Borno, ƙasar alarammomi. Ƙwallo tana haɗa yaro da babba, El-Kanemi Warriors kuma ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 1991 da 1992, ta sake ɗauka a 2024. Shirye-shiryen girki da wasannin kwaikwayo masu dogon zango, irin waɗanda Arewa24 ke nunawa tun bayan buɗe ta a 2014, suna riskar mata a inda suke. Akwai kuma matsakaiciyar hanya, wato a sayi muryar mawaƙi a gajeriyar waƙar talla ko a sa fuskarsa a allo, kamar yadda kamfanin jirgi ke gayyatar tauraro ranar suna kawai.

Inda wasan kansa ya dace, sharuɗɗansa sanannu ne. Hajar ta zama ta matasa, mai araha, wadda za a iya saye a wurin. Mawaƙin ya zama wanda masu sayen ke saurare, ko da ba shi ne mai tashe a Legas ko a TikTok ba, kamar yadda Carnival ya zaɓi mawaƙan zamanin masu biyan kuɗi. Wurin ya zama na wanda ya ga dama, nesa da masu barci da masu salla, da sashen mata da iyali daban, a fara bayan la'asar a tashi kafin dare ya yi nisa. Lokacin ya zama na shagali, kamar kwanakin Sallah ko ƙarshen zangon karatu, a kauce wa azumi da kwanakin makoki. A sanar da mai unguwa da hukumomin tsaro tun da wuri, a ba makaɗan gari da matasan mawaƙan Maiduguri wuri a dandamali kafin baƙo ya hau. A ƙarshe a ajiye alƙaluman ciniki na watanni uku kafin wasan da uku bayansa, domin da su za a yanke ko za a sake kiran mawaƙin baɗi ko a mai da kuɗin gidan rediyo.